Kawun Kowa

Sana'arsa guga ce, a wani ɗan shago da ke kallon ƙofar asibiti, amma da za ka tambayi masu gadi sai su ce maka gugar ce aikinsa na gefe. Da ya ninke riga ta ƙarshe sai ya kashe dutsen guga, ya ɗauki bokiti da tsumma, ya tsallaka titi. A ɗakin maza ba a rasa wanda aka kawo aka ajiye aka gudu. Shi ke juya irin waɗannan kada bayansu ya yi gyambo, ya zubar musu da fo, ya bi layin magani, ya ba su abinci a baki wasu ma suna zaginsa.

Asibitin ba ya barin bare ya zauna da marar lafiya, sai dangi. Ranar farko mai gadi ya tare shi ya ce, "Wa gare ka a ciki?" Ya ce, "Ƙanena." Tun daga nan bakinsa ya saba. Tsoho babansa ne, tsara ɗan'uwansa, matashi kuwa ɗan yayarsa. Ma'aikatan jinya suka laƙaba masa Kawun Kowa, suna tsokanarsa wai danginsa ba su iya komai ba sai ciwo. Matarsa ba ta ga abin dariya ba. Ta gaji da miji mai shigowa da warin asibiti hannu rabbana, ta tattara kayanta, kuma ba su haihu ba. Ni dai ban ga laifinta ba.

Haka ya yi ta yi har gashinsa ya yi fari fat. Sai ciwon suga ya kama shi, ya fara cin ƙafarsa ta hagu. Likita ya ce aikin tiyata za a yi, kuma da sauri, amma ba a ba da gado sai ka zo da mai jinyarka. Kawu ya duba gabas da yamma, bai ga kowa ba. Tsoro ya kama shi, don ya fi kowa sanin yadda ƙafa irin wannan take ƙarewa.

Ana cikin haka wata ƙungiya ta kafa tebur a barandar asibitin, ta zo da manhajar da ke tara wa mutum duk aikin sa-kai da ya yi a rayuwarsa. Wanda aikinsa ya tabbata, in ya kwanta ciwo ƙungiyar ce za ta turo masa mai jinya. Masu gadi suka ce, "Kawu, ai don kai aka yi wannan!" Ya goge rigarsa mafi kyau, ya dogara sanda ya je.

Ma'aikaciyar ƙungiyar mace ce mai fara'a. Ta juyo masa da fuskar kwamfuta ta ce, "Baba, ka faɗa min waɗanda ka yi jinya, ina shigarwa."

Ya fara da direban da ya ƙone. Ta ce, "Mene ne tsakaninku?"

"Ƙanena ne."

Ta danna. Ya kawo makahon da ya shekara a gadon bakin taga. "Wannan babana ne." Ta danna. Ya yi ta jero su yana murmushi, kowa da matsayinsa, tana cewa Allah sarki, ashe gidanku an sha fama. Da ya gama ta tura, kwamfutar ta ɗan yi tunani, ta fito da sifili.

Fuskar matar ta canza. Ta ce, "Baba, jinyar dangi ba ta shiga. Wannan haƙƙi ne a kanka, ba sa-kai ba."

"'Yata, ai ba dangina na jini ba ne."

"To me ya sa ka ce ƙanenka?"

Me zai kira mutumin da ya wanke wa kashi?

Ta ce ana iya gyarawa in wanda aka yi wa jinyar ya tabbatar ta wayarsa. Rabinsu suna ƙasa, sauran sun warke sun shiga duniya ba ko sallama. Aka nemi shaida, aka kira mai gadin nan na ranar farko, wanda ya yi ritaya. Bawan Allah, yana ganin gata yake masa, ya rantse a waya cewa duk danginsa ne, bai taɓa ganin mai riƙon zumunci kamarsa ba. Wannan ma ta shiga.

Saura hanya ɗaya. Ta ce ya kalli kyamara, za ta ambace su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ce ba abin da ya haɗa su. Ya daɗe yana kallon ƙafarsa da ke naɗe da bandeji. Sannan ya ɗaga kai.

"Direban da ya ƙone?"

"Ba komaina ba ne."

"Makahon bakin taga?"

Wannan ne ya cika a kan cinyarsa yana kiransa ɗana. Duk da haka Kawu ya faɗa. Ya bi su kaf ya yafe su da bakinsa, hawaye na sauka a kan rigar. Kunya ta rufe shi kamar wanda aka kama da sata.

Ta tura. Saƙo ya dawo nan take. Ta karanta, ta kasa haɗa ido da shi. Bayanansa biyu sun saɓa wa juna, don haka an rufe shafinsa har sai kwamiti ya zauna, kuma ba ta san ranar zaman ba.

Kawu ya ce, "To tunda ba a karɓa ba, goge na biyun. A bar min su yadda na faɗa da farko."

Ta ce, "Baba, abin da ya shiga ba ya gogewa."