Makullin Ɗakin Taki

Zamanin soja ne, shekarar da ake ta ce mana a tsuke bakin aljihu, takin zamani kuma ya yi wuyar gani. Maigidana ya riga ya rasu. Babban ɗana ya sha layi a Ikara kafin ya samo buhunan da za su ishi masararmu. Ya jibge su a ɗakin da ke kusa da turken awaki, ya koma Zariya wurin aikinsa. In takin nan ya tafi, masara ta tafi, kuma duk bakin da ke gidan ni yake jira.

Kwaɗon ɗakin tsoho ne mai nauyi, makullinsa ɗaya tal, a bakin zanena yake kwana. Wata safiya na murɗa shi na ji ya yi laushi. Na ɗaga shi a rana, sai ga tsaga a wuyansa. In ya karye a ciki sai an fasa kwaɗon, na kasuwa kuwa a lokacin, makullin wannan yana buɗe wancan.

Dole a yanka sabo. To, wa zai yanka? Wata 'yar'uwata a Kudan ta miƙa nata ga wani mai yankan makulli, ya ce ta je ta gama cefane ta dawo. Ba a jima ba aka kwashe mata ɗaki, kwaɗo yana rataye a kulle lafiya lau. An ce a kan sabulu suke danna makulli su ɗauki siffarsa.

Sai na yi shawarar gwada masu yankan tukuna. Ranar kasuwar Makarfi na sami wani a gindin ɗorawa, ya baje kwaɗuna a kan buhu. Muka gaisa. Na rage murya na ce, "Malam, makullin ƙanen mijina ne. A aljihunsa na zaro. Ina son irinsa kafin ya farga."

Ya yi murmushi. "Inna, ai gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Kawo. Me ya ɓoye a ciki, hatsi ko taki? Ku mutanen wane gari ne?"

Na ce, "Mutanen garin da ba a tambaya." Na ƙulle abina na tashi. Wanda zai taya ni shiga ɗakin wani, zai taya wani shiga nawa.

Kasuwar Ikara na nufa da ta zagayo. Can bayan masu gyaran keke akwai wani dattijo, Kirista ne daga kudancin Kaduna, ya daɗe a garin. Na karanta masa irin abin da na karanta wa na farko. Bai ko miƙo hannu ba.

"Mama, mai da shi inda kika ɗauko. Ba na yanka wa mutum makullin da ba nasa ba."

Raina ya yi sanyi. Na zauna a kan bencinsa na ce, "Madalla. Gwada ka nake yi. Nawa ne, yanka mini."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗazu na ƙanen miji ne, yanzu ya zama naki? In na juya baya kuma ya zama na liman."

"Ni kake wa kallon ɓarauniya? Na haifi kamarka."

"Kamar ni dai da wuya, Mama, dubi furfurata. Da bakinki kika faɗa. Kawo wanda ya san ki."

Abin ya ƙona mini rai, amma ban ga inda ya kauce ba. Na shiga kasuwa na jawo wata maƙwabciyata daga ƙauyenmu na wajen Paki, tana sayar da daddawa. A hanya na gargaɗe ta kada ta kuskura ta ambaci sunan gari ko abin da ke ɗakin. Ta ga makullin ta kwashe da dariya.

"Baba, wannan ai nata ne. Ko marigayi mai gidan sai ya yi sallama kafin ya taɓa shi."

Sannan ya karɓa. Na matso har gwiwata tana taɓa teburinsa. Na duba ko akwai sabulu kusa, babu. Ya ɗaure ƙarfen da zai zama sabon makulli ya dinga goga shi da magagari, idona a kan yatsunsa. Na farkon ya goge shi fiye da kima, ya cire, ya sake wani. Da ya gama ya haɗa mini duka, tsohon da sabon da wanda ya lalace.

"Tafi da su duka, kada ki ce na rage wani abu."

Bai tambayi garinmu ba, ni ma ban faɗa ba. Na isa gida na zura sabon, kwaɗo ya buɗe ba gardama. Wanda ya lalace na jefa shi masai. Duk da haka, kullum sai na barbaɗa toka a bakin ƙofar don in ga sawu. Na kaji kawai nake tararwa, har ranar da ruwa ya zauna, muka fito da buhun ƙarshe muka zuba wa masara.