Ɗanƙarami da Masu Fuska Ɗaya

Sunansa na yanka Zakariya'u, amma in ka shiga unguwar Zango kana cigiyar Zakariya'u za ka sha yawo a banza. Ka ce Ɗanƙarami mai fassara, nan take za a nuna maka ƙofar. Ni tela ne, shagona bango ɗaya da gidan kallon Mahamud inda yake aiki, saboda haka muryar mutumin nan ta fi ta matata yawa a kunnena. In ɗinki ya yi sauƙi nakan leƙa ta ƙofa in ga abin da yake wa surutu.

A Zermu aka haife shi, gidan manoman gero. Ya fito ɗan firit, har ya girma bai cika ido ba, sai baki. Ubansa ya duba ya ga wannan ba zai iya da hauya ba, ya tura shi lekol, makarantar boko. Ya yi 'yan shekaru, ya tsinci Faransancin da zai gaisa da jandarma, ya tattara ya gudo Damagaram. Ya yi tallan goro, ya yi shara a gidan kallo, har ranar da zazzaɓi ya kwantar da mai fassarar wurin aka rasa wanda za a miƙa wa mikro sai shi. Tun daga ranar bai sake ta ba, yau ga shi da furfura da jikoki.

Aikinsa yana da ƙa'ida biyu. Ta farko, bai taɓa kallon fim kafin jama'a ba. Ya ce in ya riga ya san ƙarshe muryarsa za ta tona masa asiri, don haka tare da kowa yake gani, tare da kowa yake firgita. Faransancin da ake zubawa a tele kuwa, tsakani da Allah, kaɗan yake kamawa. Fuska yake karantawa. Ta biyu, duk wanda ya fito a fim sai ya raɗa masa suna, ya ba shi uwa da uba da unguwa. Bature mai gemu ya zama Malam Tahiru na Birni, jikan dukawa. Ɗan Sin mai tsalle ya zama ɗan mahautan Kasuwar Dole. Mugu kuwa kullum mutumin Maraɗi ne, ba ya canzawa. Mu nan ba ma sakin jiki da mutum sai mun san ɗan gidan wane ne, to haka ma a fim. Shekara da shekaru abin yana tafiya, domin labaran duk hanyarsu ɗaya: ga jarumi, ga mugu, ga yarinya, a daku, a yi aure.

Sai Mahamud ya fara kawo sababbin seri a kile, 'yar na'urar ajiyar fim da ake soka wa tele, irin finafinan da ake yanka su kashi-kashi, kullum bayan la'asar a sa kashi ɗaya. Akwai na macizai masu fuka-fuki da ke aman wuta, akwai na jiragen da ke yawo tsakanin taurari. Nan kan jama'a ya fara ɗaurewa. Nomau, wani mutumin Tirmini da ke zuwa cin rani yana tura ruwa, shi ne sarkin tambaya. Damuwarsa ita ce an yi ta tafiya a sama bai ga gona ko ɗaya ba, to me mutanen nan suke ci? Da aka sauka wata duniya mai rana biyu, wani tsoho ya ce shi dai a gaya masa wacce ce in ta faɗi ake shan ruwa da azumi. An kusa dambe a kan wannan, rabi sun ce babbar, rabi sun ce ta ƙarshe. Ɗanƙarami ya raba gardama ya ce matafiya ne, ramuwa za su yi. Irin waɗannan duk yana iyawa da su.

Amma benci ya fara ragewa. Samari sun koma kallo a portabul, wayar hannu, da fassarar Kano da ke zuwa a haɗe cikin fim. Wata rana a gaban shagona Mahamud ya tare shi.

"Baba Ɗanƙarami, ni ba na son in ɓata maka. Amma ga sabon seri nan na kawo. In aka gama shi benci bai cika ba, na Kano zan riƙa sawa, mikro ta huta."

"Patron, sa mana kawai," in ji Ɗanƙarami, don haka yake kiran maigidansa. "Ba a haifi fim ɗin da zai kayar da ni ba."

Jarumin wannan seri wani dogo ne mai tabo a gira. Ɗanƙarami ya sa masa Adam, ɗan Sabon Gari, ubansa dillalin fata, matarsa kuma Rahama. Ana cikin tafiya aka harbe Adam da wata bindiga mai haske, ya faɗi, aka rufe shi da ƙyalle. Ranar Ɗanƙarami ya nuna gwaninta. Ya sassauta murya, ya faɗi halin marigayi na kirki, ya yi masa addu'a, gidan kallo ya amsa da amin har ina ji ta bango. Ya sanar cewa Rahama ta shiga takaba.

Washegari ana sa kashi na gaba, ƙofa ta buɗe, sai ga Adam ya shigo da tabonsa, lafiya lau. Rahama ta ruga ta rungume shi.

Na ga Ɗanƙarami ya matsa kusa da tele kamar mai zura zare a allura. Can ya gyara murya.

"Jama'a, na manta ban gaya muku ba. Tagwaye ne. Wanda ya rasu shi ne Hasan, Adam laƙabi ne. Wannan Husaini ne, ya dawo daga Agadas."

An ɗan numfasa, domin kowa ya san tagwaye. Sai dai Husaini bai tsaya a zaure ba. Ya wuce ɗakin Rahama, ya rufo ƙofa. Nomau ya miƙe tsaye.

"Malam Ɗanƙarami, ƙanin miji ne zai shiga ɗakin mai takaba? Ko sadakar uku ba a yi ba fa."

"Husainin nan tun yana yaro ba shi da kunya," in ji Ɗanƙarami. Amma muryar ba ta fito da ƙarfi ba, kuma dattawa biyu suka ɗauki takalmansu suka fita suna tsaki.

Bayan 'yan kwanaki aka kashe Husaini ma, wani ya sake shigowa da fuskar nan da tabon nan. Ɗanƙarami ya ce Gambo ne, mai bin tagwaye. Nomau ya ce shi a garinsu Gambo ba ya zama sa'an yayyensa, kuma wa ya yi musu tabo iri ɗaya? Aka ce masa wanzami ɗaya ne. Na huɗu ya fito, aka ce ɗan baffansu ne, jinin gidan ne mai ƙarfi. Daga nan kowa ya kama nasa. Wasu suka ce Rahama mayya ce, ita ke cinye su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ce aljani ne ya aure ta. Wani ɗan kabu-kabu ya rantse kile ɗin ce ta lalace take maimaita kashi ɗaya. Ni kaina na ɗinke hannun riga a wuya saboda sauraron wannan rikici.

Akwai Safiyanu, ɗalibin iniversite da ya riga ya kalli seri ɗin a portabul. Ya ga abin ya yi yawa, ya tsaya bayan an tashi ya yi bayani. Ya ce ba tagwaye ba ne, fotokopi ne. Ana ɗaukar ɗan jinin mutum a kai laboratuwar, a shuka wani irinsa sak, a ɗura masa tunanin na farko.

"To wane ne mijin Rahama a cikinsu?" in ji Nomau.

Safiyanu ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya ko a intanet ana ta musu, wasu ma na cewa Adam na farkon shi ma fotokopi ne. Aka watse an fi da rikicewa.

Da yamman nan Ɗanƙarami ya zauna a bencin shagona. Na ce masa ya karɓi portabul ɗin Safiyanu ya kalli sauran, ko ya faɗi yadda yaron ya faɗa a wuce wurin.

"Mutum ba takarda ba ne, tela," ya ce. "In ce wa jama'a ga mutum ba uwa ba uba? Bakina ba zai iya ba."

Haushi ya kama ni, don na ga taurin kai zai raba shi da abincinsa. Na kuma san ba taurin kai kaɗai ba ne. Shi kansa bai gane ba, kuma tsoro yake ji.

Ranar kashi na ƙarshe benci rabi ne. Na bar ɗinki na tsaya a ƙofa. Rahama ta bi wani dogon lungu, ta tura wata ƙofar ƙarfe, fitilu suka kama. Ɗaki ne da ba a ganin ƙarshensa, cike da tuluna na gilashi a jere, cikin kowanne mutum yana barci a ruwa. Duk fuskar nan ce, duk da tabon.

Kawuna suka juyo wajen Ɗanƙarami. Ya ɗaga mikro, ya buɗe baki, ya rufe. Leɓensa na motsi, ina jin yana laluben sunaye ne. Rahama na ta kuka a tele da Faransanci, ba mai fassara mata.

"Jama'a," ya ce a hankali, "waɗannan ban san gidansu ba."

Ya ajiye mikro a kan tele, ya nemi gefen benci ya zauna. Haka aka ƙarasa kallon shiru, ba wanda ya san yadda aka ƙare.

Mahamud bai yi masa wulaƙanci ba. Ya ce ya riƙa zuwa yana tsaron ƙofa, shi ne ya ƙi. Mako na zagayowa aka sake sa seri ɗin daga farko da fassarar Kano, gida ya cika har waje. Ɗanƙarami kuwa ya koma zaman shagona, wai yana taya ni cire zare. Ranar da aka zo kashin da Adam ke dawowa, ya ɗaga mini hannu.

"Tsayar da keken nan, in ji yadda zai ce."

Na tsayar. Ta bango muka ji muryar Bakanon, da sauri, cikin raha: "Ka ga wannan kwafinsa ne aka buga, mu je zuwa." Jama'a suka yi dariya. Muka kasa kunne ko Nomau zai miƙe da tambaya. Ba wanda ya miƙe.

"Shi ke nan?" in ji Ɗanƙarami. "Na farkon fa? Ko Allah ya jiƙansa ba za a ce ba?"

Ya ɗan jira, kunnensa a bango, sannan ya sunkuya ya ɗauki rigar da yake cire wa zare.

"Ci gaba da ɗinkinka," ya ce.