Goɗiyar da Na Kai Argungu

Goɗiya guda ta rage mini a turke, jikar goɗiyar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. 'Yar Arewa ce, gajeriya, ja mai farin goshi, irin dawakin nan da ba sa cika ido amma tafiya ba ta gajiyar da su. Ta tsufa, ni ma na tsufa. Tun da fadamar Zauro ta koma shinkafa rani da damina, ciyawa ta yi wuya. Daga Gwadangaji nake fita in roƙi masu gona su bar ni in yanki ta bakin ruwa, in dawo da dami ɗaya bayana yana zafi. 'Ya'yana kuwa babur suka sani.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Duk 'ya'yan da ta haifa maza ne, kuma sun tafi hannun mutane. In ta mutu ba ta bar mace ba, irin gidanmu ya yanke. Don haka na yi niyyar kai ta baye, doki ya hau ta karo na ƙarshe, wurin taubashina mai barga a Argungu, wanda muka yi karatun allo tare. Na tanadi goro da damin harawa kamar yadda aka saba, aka tura ta motar shanu da ƙyar. Har muka isa jikinta bai bar ɓari ba.

Taubashin nawa yana ganinmu ya kama dariya.

"Malam, wagga tsohuwa za ka yi ma aure? Kai da ita, wa ke riƙe da wani?"

Na ce, "Ita dai haƙoranta na nan. Ina naka?"

Ya ja ni cikin bargar. Na daɗe ban ga dawaki haka a wuri ɗaya ba. Akwai wani akawal daga Barno, baƙi ƙirin, yana sheƙi kamar tawadar da ba ta bushe a allo ba, ƙirjinsa faɗin ƙofa. Kusa da shi wani hurde mai dabbare-dabbare yana tono ƙasa da kofato, shi kaɗai yake fushinsa. Sai na hango wani doki ɗan Azbin, na nemi turmi na kife na zauna, don ƙafafuna sun gaji. Gunya ne, launin madara da aka zuba wa zuma kaɗan. Kansa ƙarami, hancinsa a buɗe, wuyansa dogo siriri, fatarsa kuwa har jijiyoyi ake gani a ƙarƙashinta. In ya juya kai sai ka ce ya san ana kallonsa. Na yi ta tasbihi ga wanda ya ƙera shi.

Na ce, "Wancan nika so."

"Na sani. Kowa ya shigo shi yaka nunawa." Ya bar dariya, ya dafa ƙugun goɗiyata. "Dubi nan, Malam, ka fi ni sani. Ɗan wanga doki ba shi fita ta nan, ba da shekarunta ba. Ban hana ka ba, ga shi ga ka. Amma ga ɗan'uwanta can."

Ya nuna mini wani biɗi, doki mai ruwan toka, ɗan Arewa a lungu, guntu, mai ƙaton kai, kunne ɗaya a tsage. Da shi suke ɗauko ciyawa.

Mun yi azahar, na koma kan turmin. A zuciyata na riga na ga 'yar duƙusa mai wuyan ɗan Azbin a turken mahaifinmu, mutane suna tsayawa a ƙofar gida don su gan ta. Ita kuwa goɗiyar tana tsaye a inuwa, leɓenta na ƙasa ya saki, tana gyangyaɗi. Na taɓa ganin goɗiyar da ɗa ya maƙale mata, ban kuma son in sake gani. Da la'asar ta yi na ce a kwance biɗin.

"Haba ango, ka samu shiga!" in ji taubashina, yana buga masa wuya.

Na bar ta can kwanaki, sannan aka dawo da ita. Na yi ta duban cikinta har damina ta wuce, ina shafawa, ina cewa ko ciyawa ce ko ɗa. Ciyawa ce. Ba ta ɗauka ba.

Da labari ya kai masa sai ya kira ni a waya, ya ce in sake kawo ta, biɗin yana nan, ba a yanke ƙauna daga rahamar Allah. Na ce haka ne, amma motar da ta sha ta ishe ta, ba na ƙara ɗora ta. Abin da Allah ya rubuta wa irin gidanmu, a kanta ya tsaya.

Sai ya ce, to in zo ni kaɗai, ɗan Azbin bai tafi ko'ina ba, kallo kuma ba ya kashe tsoho. Na ce in Allah ya ba ni ƙafa.