Makullin Rumbun Coci

Da safen nan ina cikin shara labari ya iso ni. Baba Katikis ya rasu.

Na zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu, ko kuka na kasa.

Ga waɗanda ba 'yan yankinmu ba: cocinmu na Katolika, can bayan Bici, shi ne na farko a duk karkarar nan. Kakanninmu ne suka kwaɓa ƙasar gininsa da ƙafafunsu. Makaranta, rijiya, ɗan asibiti, duk daga nan suka fito. Fada, wato limamin coci, wannan ya zo, wancan ya tafi, wasu ko sunansu mun manta. Baba Bitrus kuwa, katikis ɗinmu mai koyar da addini, yana nan tun ina yarinya.

Akwai rumbu a bayan cocin. Tun zamanin Fada na farko, kowane gida kan kawo damin gero ɗaya da kaka. Ba na ci ba ne, iri ne, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Makullin yana wuyan Baba da igiyar rama.

Shekarar babban fari ina da goyo, Ladi. Mun cinye hatsinmu, mun cinye irinmu, muka koma dusa da ganye. Nono ya ƙafe. Na je na durƙusa masa a bakin rumbun, ina jin ƙanshin gero ta jikin ƙofa.

Na ce, "Baba, ko tiya ɗaya. Don Allah dubi yarinyar nan."

Bai iya dubanta ba. Ya ce, "Hannatu, in na buɗe miki, kafin rana ta faɗi babu ko ƙwaya. Me za mu shuka?"

Ya shiga gida ya kawo min ƙoƙon kununsa, abincinsa ke nan na ranar.

Ladi ba ta ga damina ba.

Shi ya yi mata addu'a a bakin kabari, ni kuma na tsane shi, ba zan ɓoye muku ba. Shekara bakwai ban gaishe shi ba. Matarsa Mama Saratu ma a bazarar nan ta tafi, makullin na wuyan mijinta. Na sani sarai, amma zuciyata ta ƙi.

Ranar da ruwa ya sauka a shekarar farin, Baba ya buɗe rumbun. Ya auna wa kowa, bai tambayi wa ke zuwa coci wa ke zuwa masallaci ba. Har Malam Sani liman ya zo da ƙwaryarsa. Geron da muke ci yau a unguwannin nan jikan wannan irin ne, da shi na raini yara huɗun da na haifa bayan Ladi.

Bai taɓa ce min "kin gani ko" ba. Duk kaka dai sai in tarar da ƙullin gyaɗa a zaure, babu ko sallama. Da maigidana ya kwanta asibiti, shi ya nome mana gona.

Lahadin da ta wuce bayan Misa ya kira ni gindin darbejiya. Coci yanzu ko rabi ba ya cika, samari sun tafi Kano, Fada sai wata-wata. Ya ciro igiyar daga wuyansa, ya miƙo min.

"Karɓi."

"Ni, Baba? A rasa wanda za a ba sai ni? Ga maza nan a kwamiti."

"Su za su buɗe, 'yata. Ko tausayi ko kunya. Ke kin san zafinsa, kin kuma ga amfaninsa."

Na ce sai na yi shawara. Na tafi na bar shi da hannu a miƙe.

Yanzun nan ɗansa Yakubu ya fita daga gidana. Ya ajiye min makullin a kan tabarma, ya ce wasiyya ce.

Kun san yadda bana take. Gero ya fi ƙarfin talaka, ruwa kuma da sauran wata biyu. Jiya na ga matar maƙwabcina tana tankaɗe dusa da goyo a bayanta. Na san za ta zo, kuma ban san da wane baki zan amsa mata ba.

Baba, na yafe, kai ma ka yafe min. Ban faɗa maka kana da rai ba.

Ya Ubangiji, ka ba bawanka Bitrus hutu na har abada, haskenka ya haskaka masa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, igiyar tana wuyana.