Gitocin Yaya Laminu

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Laminu, a wani asibiti a Paris. Duk shekara idan ranar ta zagayo, dangi a Damagaram suna ta yabon karamcinsa da iya adonsa, ni kuma in yi shiru. Bana shirun ya ishe ni.

Yaya ma'aikaci ne a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa. Shi ya kai ni Faransa a farkon shekarun casa'in, ya samo mani gurbi a jami'a a Lyon, kuma wannan alheri ba zan taɓa musa shi ba. Sai dai abin da ya fi ƙauna a duniya ba mu ba ne. Tsofaffin gitoci ne, na katako, marasa lantarki, waɗanda aka yi wa zanen furanni ko aka dasa musu farin ƙwanso mai sheƙi a wuya. Ranar Lahadi yakan bi kasuwannin tsofaffin kaya yana farautarsu. Goma sha huɗu ya jera a bangon falonsa, kowace da ƴar fitilarta, kuma ko ɗaya bai iya kaɗawa ba. Ba ya bari a taɓa. Ƴarsa Nana tana shekara shida ta ja tsirkiyar ɗaya da yatsa. Ya tsayar da ita tana fuskantar bango, hannuwa sama, har ta jiƙe wandonta a gaban baƙi, shi kuma yana ci gaba da zuba musu shayi.

A Lyon akwai abokinsa na yarinta, Malam Iliya. Unguwarsu ɗaya, tare suka yi makaranta. Iliya ya yi suna da kiɗan gita a bukukuwan Yamai kafin ya zo aikin masana'anta, inda inji ya murƙushe masa yatsu uku na hannun hagu. Yana zaune a unguwar Minguettes, a hawa na goma sha ɗaya na wani dogon bene, kuma duk Asabar nakan je cin tuwon matarsa Mariyama. Bayan an ci, sai ya ɗauko gitarsa, wata tsohuwa baƙa mai zanen reshen inabi, wadda tsohon da ya koya masa kiɗa ya bar masa. Ya ɗora ta a cinya, yana shafa tsirkiyar da hannun dama a hankali. Ba waƙa ba ce, amma fuskarsa takan saki.

Ni na ba Yaya labarin gitar a waya. Hira ce kawai, ko dai neman ya saurare ni na minti biyu.

Ba a yi mako ba ya sauka a Lyon. Ya yi doguwar gaisuwa, ya jajanta hannun, sannan ya juya gitar ya nuna wata ƴar tsaga a bayanta.

"Iliya, wannan tsagar ita za ta kashe ta. Ba ni ita, na san wani gwanin gyara a Paris."

Iliya da kansa ya naɗe ta a zanen Mariyama.

Wata takwas yana aika wasiƙa, yana bugo waya, ana ce masa Alhaji ya fita. Da Babbar Sallah ta zo muka shiga jirgin ƙasa ni da shi zuwa gidan Yaya a Paris. Mun tarar da falon cike da manyan baƙi, gitar kuma tana tsakiyar bango, an goge ta tana ƙyalli. Iliya ya ci nama, ya jira, sannan ya matsa kusa ya ce a hankali, "Laminu, na zo in tafi da kayana."

Yaya ya sauko da ita, ya ɗora masa a cinya, ya tafa hannu.

"Jama'a, ga gwanin Yamai! Iliya, ka kaɗa mana waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe, ka tafi da abarka."

Na so a ce ya ƙi. Bai ƙi ba. Ya ɗora guntayen yatsun nan a wuyan gitar, suka zame, ya sake, suka zame. Sautin da ya fito ya sa wata mata rufe baki da gyale. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Sai Yaya ya zare ta daga hannunsa ya ce, "Ka gani? A wurinka gawa ce. A nan ko ba komai ana kallonta."

Ni ina tsaye da faranti. Na ci gaba da raba nama. Iliya ya koma Lyon shi kaɗai.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da wannan zamani, da kowa ke ɗaukar hoton abincinsa da ɗakinsa yana nuna wa duniya a waya. Ina jin da ya sami gidan zama. Da dubban mutanen da ba su taɓa cin tuwo da shi ba sun yaba masa bangon nan, ba tare da ko ɗaya ya tambayi daga hannun wa aka karɓo ba.

Bayan rasuwarsa, tun kafin sadakar arba'in, matarsa ta kira dillali ya kwashe gitocin a mota ɗaya. Kafin ya iso na ɓoye baƙar, na kai ta Minguettes da kaina. Iliya ya buɗe ƙofa, ya dubi abin da ke hannuna, bai miƙo nasa ba.

"Allah ya jiƙan musulmi," ya ce. "Ramatu, ke kika gaya masa, ko?"

"Ni ce, Malam."

"To, riƙe ta. Ke ma ki samu abin kallo."

Ya rufe ƙofar.

Idan na auna abin da Yaya ya bari, ga shi nan. Takardar digirina, wadda da ita na ciyar da ƴaƴana. Nana, wadda ta girma ta zama likita kuma ba ta taɓa kiran sunansa a gaban nata ƴaƴan ba. Da wata baƙar gita a saman kabad ɗina a Yamai, wadda na kasa sayarwa, na kasa bayarwa. Duk Juma'a ina roƙa masa gafara, domin jinina ne, kuma domin na san yana buƙata. Malam Iliya ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ɗansa ya bugo mani waya, ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce mahaifinsa ya bar wasiyya kada in zo gaisuwa. Ban je ba.