Gadon Baba da Gabas

"Ɗiyata, juya gadon nan ya kalli gabas," in ji Inna ga wata nas, da ta ga numfashin Baba yana sama-sama.

A ɗakin emajansi muke, mun kawo shi daga Ngaski.

Nas ɗin ta ce, "Inna, tukunyar iskar a ɗaure take da bango. In na juya gadon, robar ba za ta kai hancinsa ba."

Inna ta tallafo kansa da hannu biyu ta karkata shi gabas, tana laƙƙana masa kalmar shahada. Haka ta riƙe shi har ya cika.

Wanda ya zana ɗakin nan, masu warkewa kawai ya tuna. Ku fa, kun taɓa duba inda gadajen asibitinku suka fuskanta?