Littattafan Awon Ruwa da Na Ɓoye wa Mamman Sani

Duk abin da zan manta a shekarun da na yi ina aikin ruwa, ba zan taɓa iya mantawa da wata Talata ta watan Oktoba ba, ranar da na dubi tsabar idon abokin aikina a gaban direkta a ɗakin taro na yi masa ƙarya. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in ajiye aiki, wannan zan ba ku, ko da yake ba shi ne mai fitar da ni kunya ba.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, sunana Lawali, mai awon ruwa. Sau biyu a wata nakan hau babur in zagaya rijiyoyin burtsatse, waɗanda muke kira foraj, tun daga gonakin noman rani na Jiratawa har zuwa Tibiri. Ina da igiyar awo mai ɗan ƙarfe a baki. In na zura ta cikin rijiya ta taɓa ruwa sai ta yi ƙara, in karanta zurfin in rubuta. Da damina kuma kullum safe ina bakin Gulbi, ina duba sandar awo. Gulbin Maraɗi ba ya riƙe ruwa duk shekara. Da damina yake zuwa, ya cika, ya malala cikin fadama, ya wuce abinsa. Abin da ƙasa ta sha a waɗannan makonni, shi rijiyoyi ke ba mu har wata daminar. In Gulbi ya yi rowa a Agusta ba a ganin illar nan take, sai Maris ko Afrilu rijiya za ta ba ka labari.

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki ni da Mamman Sani, mutumin Tibiri. Ɗaki ɗaya muka kama a Sabon Gari muna samari, kwano ɗaya muke ci. Na fi shi hannu a aiki, wannan ko shi ba ya musu. Amma da gurbin ƙaro karatu ya fito guda ɗaya tak, shi aka tura, wai takardarsa ta makaranta ta ɗara tawa. Ya yi shekarunsa ya dawo injiniya, aka ba shi shugabancin sashenmu, da mota, da ofis mai sanyi. Ni ina nan bisa babur da igiyata. Shi bai canza mini ba ko kaɗan, Lawali yake ce mini, ya dafa kafaɗata a gaban kowa. Ni kuwa ko mu biyu ne sai in ce masa «Shef», wato shugaba, in ja kalmar da gangan don in ga fuskarsa ta sauya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni ke shan rana in kawo awo, shi ya zuba a na'ura ya fitar da zane mai launi, a tafa masa.

Shekarar da nake ba ku labari, damina ta zo a makare ta tafi da wuri. Gulbi ya zo sau uku ko huɗu, kowane zuwa na ƴan kwanaki, ko fadama bai hau ba. Tun ba a yanke gero ba masu amalanke ke ratsa shi a kan yashi. Mamman Sani ya duba awon da nake kawowa, hankalinsa ya tashi. Ya shirya shawara cewa a rage filin noman rani da kusan rabi, a bar alkama a wannan shekara, a raba ruwa bi da bi. Ƙa'idarmu ita ce kafin a buɗe noman rani sai an zauna da direkta da shugabannin ƙungiyar manoma an tsayar da yawan filin da za a shuka. Wannan zama shi ne na ranar Talatar.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ku sani. Tsofaffin takardun ofis sun lalace tun da daɗewa, rufi ya yi yoyo a kansu, gara ta ƙarasa saura. Amma ni tun ranar da na fara aiki, duk awon da na kai ofis sai na kwafe shi a littafina, irin na ƴan makaranta. Littattafan suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakina. A ciki har da na wata shekarar fari da muka taɓa gani, mai kama da wannan sak, da rijiyoyin da ruwansu ya sauka ƙasa da bakin famfo, da watan da ya sauka. A makon taron ma na buɗe su na karanta. Na san Mamman Sani yana da gaskiya, fiye da yadda shi kansa ya sani.

Da ya gama bayani, Alhaji Ɗan Jimo, shugaban manoman Jiratawa, ya gyara zama ya ce, «Injiniya, mi kake so in je in gaya wa mutanena? Gero bai yi ba. Noman ranin ga shi kaɗai ya rage musu. In ce su bar rabin gona saboda zanen da na'ura ta yi?»

Direkta ya ce, «Alhaji bai yi ƙarya ba. Awon ƴan shekarun nan kawai ka kawo, kuma duk shekarun ruwa ne. Muna da na wata shekarar fari da za mu kwatanta?»

Mamman Sani ya juyo wajena. Ya ce, «Lawali, littattafanka fa? Na san kana kwafewa tun muna ɗaki ɗaya.»

Cikin ɗan lokacin nan na hango komai. Zai karɓi littattafan da na yi shekaru ina cikawa da gumina, ya zuba a na'ura, rahoto ya tafi Yamai da sunansa a bango, a ce injiniya ya hango fari tun daga nesa. Na ce, «Shef, ai gara ta gama da su tuni.»

Ya dube ni. Ya ce, «Allah ya kyauta,» ya mai da kansa ga takardunsa. Direkta ya yanke cewa a shuka kamar yadda aka saba, a ci gaba da sa ido. Na fito daga ɗakin ina jin daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Karo na farko ke nan da na ga maganarsa ta faɗi ƙasa.

Aka shuka albasa, tattasai, tumatir, alkama, ga zogale da ke nan dama. Har watan Janairu gonaki kore shar, mutane na yi wa injiniya dariya. Ni kuwa igiyata kullum ƙara nutsewa take kafin ta yi ƙara, ina rubutawa ina kai masa, ba na cewa uffan. A tsakiyar Maris famfon rijiya ta farko ya fara shaƙar iska. Famfo in ya rasa ruwa yana aiki, zafi yake yi ya ƙone, kuma haka aka yi. Cikin kwana goma wasu biyu suka bi shi. Manoman da ke wannan ɓangare suka koma jan ruwa daga sauran rijiyoyin, su ma suka fara sauka. A ƙauyukan gefen Tibiri rijiyoyin guga suka koma laka, mata na zaune bakinsu suna jiran ruwa ya tsatso. A cikin gari ma famfon gidana sai ya wuni bai ɗiga ba, matata na tura jarkoki wata unguwa.

Da abu ya ɓaci aka shiga neman mai laifi. Waɗanda suka ƙi maganar Mamman Sani su ne suka ce shi injiniya ne, me ya sa bai dage ba. Aka aiko masa da takardar neman bayani daga sama, wadda a aikinmu ita ce matakin farko kafin a sauke mutum. Direkta ya kira ni ofishinsa ya ce, «Malam Lawali, in ta kai ga an ɗauke shi, kai za ka riƙe sashen kafin a turo wani. Ka shirya.» Abin da na yi shekaru ina mafarki ke nan. Na wuce ƙofar ofishin Mamman Sani ina satar kallon kujerar.

Washegari na tafi awo Jiratawa. A bakin rijiya ta huɗu na tarar da Malam Idi, wani dattijo da na sani tun farkon zuwana, wanda kullum sai ya ɗaura mini albasa a bayan babur. Yana tsugune a gonarsa ta tattasai. Shukar ta yi fure, furen na zuba, ganye ya naɗe. Ruwa biyu kawai take buƙata ta kai. Ya bar ni na gama zura igiya, sannan ya ce, «Malam Lawali, shi injiniya yaron takarda ne, ban riƙe shi da komi ba. Amma kai ka girmi famfunan ga. Ka ga waccan shekarar da idonka. Da kai ka ce mana kada mu shuka, wallahi da ban shuka ba.»

Na naɗe igiyata, na bar sauran rijiyoyin ban auna ba, abin da ban taɓa yi ba. Na koma gida na ɗauko akwatin na ɗaura a babur, na shiga da shi ofishin Mamman Sani da tsakar rana, na dire bisa teburinsa.

Ya buɗe, ya ɗaga littafi ɗaya, ya ajiye. Bai yi mamaki ba. Ya ce, «Na san suna nan. Ranar sunan ɗiyarka, ƴan kwanaki kafin taron, da na shiga ɗakinka salla, na ga akwatin a buɗe.»

Na ce, «To me ya hana ka faɗa a gaban direkta?»

Ya ce, «In na faɗa, na ce ka yi ƙarya a taro, aikinka ya tafi. Na ɗauka za ka kawo da kanka bayan kwana biyu. Na yi ta jira, jiran ya yi yawa. Wannan laifina ne, ni ma ina da rabona a gonakin nan. Jawo kujera, Lawali, ba mu da lokaci.»

Kuna tsammanin zuciyata ta yi sanyi? Kunya ta kama ni, gaskiya ne, amma ƙarƙashinta wani kishin ne ya taso sabo. Ya fi ni karatu, ya fi ni muƙami, yanzu ga shi ya fi ni hali.

Kwana uku muka yi a kan littattafan. Suka nuna mana rijiyoyin da ke kusa da tsohuwar hanyar Gulbi, waɗanda ko a waccan shekarar ba su gaza ba, da waɗanda in aka hutar da su wuni ɗaya ruwansu ke dawowa. Aka ƙara wa famfuna uku bututu aka saukar da su ƙasa. Aka tsara ban ruwa bi da bi, aka bar alkama ta tafi, aka ceci albasa da zogale, aka ware rijiya ɗaya don shan mutane da dabbobi. Alhaji Ɗan Jimo da kansa ya bi gona gona yana lallashin mutane. An tsira da abin da ya fi rabi. Tattasan Malam Idi ba ya ciki, mun makara da mako guda. Da damina ta kusa ya sayar da shanun nomansa biyu, babban ɗansa ya tafi ci-rani.

Aka janye takardar neman bayani. Rahoton ya tafi Yamai da sunan Mamman Sani a bango, kamar yadda na hango, sunana kuma a layi ɗaya na shafin godiya. Bayan shekara biyu aka yi masa ƙarin girma ya koma can. Kujerar tasa aka ba wani matashi. Har yau bai gaya wa kowa abin da na yi ba, ni ne na fara faɗa yanzu. Duk salla yana kirana, kuma in na ji ana yabonsa, har yanzu wani abu na ɗan sukata. Na daina jiran ranar da kishin nan zai bar ni.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da za ku gaje mu, shi ne awon da kuka rubuta ba naku ba ne, ko da da alƙalaminku kuka rubuta shi a littafin da kuka saya. Na mai gona ne, da matar da ke bakin rijiya. A aikin nan wani ne ke shan rana, wani ke shan yabo, kuma haka za ku tarar da shi. Za ku ji haushi, ba zan ce muku kada ku ji ba. Amma kishin ma'aikacin ruwa ba kan abokin aikinsa yake sauka ba. Ni na auna Mamman Sani, Malam Idi na samu.